An zo wa ɗiyata da maganar da ta tafi da Balki

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Hadiza daga Bagudo.

Da ƙuruciyata na buga ƙwallon kwando a wata gasar mata da ake biyanmu albashi. Ko shekara biyu ba ta kai ba ta rushe, aka ce kowa ta kama gabanta. Wani mutum ya yi wa ƙawata Balki alƙawarin kulob a Kwatano, ya tsallaka iyaka da ita. Har yau ba labarinta.

Makon jiya wani baƙo ya ga tsawon ɗiyata a kasuwar Zagga, ya kawo irin wannan maganar. Na ƙi, ɗiyar ta ce, "Inna, ke ma ai kin buga."

Masu sauraro, yaya zan hana ta ba tare da ta gudu ta bi shi ba?