Irin Geron da Na Daka da Hannuna

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana mata na zumunta. Sunana Saratu, matar Ishaku. Daga wani ƙauye a ƙasar Kebbe na taso na zo Tambuwal yau, domin akwai abin da Allah ya yi mini wanda in na yi shiru a kansa na zama butulu.

Mu manoma ne. Kowace kaka maigidana yakan zaɓi zangarniyar gero mafi ƙosawa, ya ɗaure dami guda, ya rataye a can ƙuryar rumbu. Wannan shi ne iri. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa shi. Haka ubansa ya koya masa.

Bara da bazara wani saƙo ya shigo wayar Ishaku. Wani mai wa'azi ne da ba mu san garinsu ba, yana kuka yana cewa an nuna masa ranar da Ubangiji zai dawo, wai a farkon damina. Ya lissafo alamu: yaƙe-yaƙe, tsadar abinci, sace mutane. Ku da kanku kun san zaman da muke yi. Mutum ya fita gona, matarsa ba ta san ko zai dawo ba. Wanda ya gaji da duniya, in ka ce masa ta kusa ƙarewa, ai albishir ka yi masa.

Ishaku ya gaskata. Ni ma zuciyata ta karkata, don na gaji.

Fastonmu ya zo har gida ya ce, "Ɗan'uwa Ishaku, ranar nan ba a ba kowa saninta ba, ko mala'iku. Tashi ka yi sharar gonarka." Maigidana ya ce ai haka aka yi wa Nuhu dariya. Fasto ya hau babur ɗinsa ya tafi ransa a ɓace.

Mutane suka fara taruwa a gidanmu kullum, ana addu'a ana jira. Mai jira kuwa yana cin tuwo. Hatsin rumbu ya yi ta raguwa har ya ƙare. Wata safiya Ishaku ya sauko da damin iri ya ajiye a gabana, ya ce, "Sussuke shi, Saratu."

Na ce, "Baban Murna, iri ne fa."

Ya ce, "Wa zai shuka? Wa zai girbe?"

Na sussuke, na surfa, na daka. Tuwon ya yi daɗi ƙwarai.

Ranar ta zo. Muka yi wanka muka sa kayan coci, muka zauna a tsakar gida muna kallon sama. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, wasu suka fara waƙa suna kuka. Sai ga ruwa. Ruwan shuka ne, mai kyau. Washegari kowa a ƙauyen ya ɗauki sungumi ya nufi gona, ban da mu.

Da a nan abin ya tsaya, da mun roƙi iri wurin maƙwabta mun bi sahu. Amma mai wa'azin ya sake fitowa a waya, ya ce kuskuren lissafi ne, a ƙara jira har wata mai zuwa. Ishaku ya sake gaskatawa, don ya fi masa sauƙi da ya haɗa ido da mutanen gari. Kafin rana ta biyun ta wuce, geron mutane ya kai gwiwa. Lokacin shukar gero ya wuce mu.

 Bayan haka, wata rana maigidana ya ce zai je Jega neman ƙwadago. Bai ɗauki ko fartanyarsa ba. Har yanzu da nake tsaye a gabanku bai dawo ba.

Aka bar ni da Murna, 'yarmu ƙarama, a tsakiyar marka, ga rumbu wayam. Muka koma cin tafasa da rama. Ƙafafun yarinyar suka kumbura, gashinta ya yi ja, ta daina ko kuka. Ina kallon 'yata tana tafiya a hankali, duniya kuwa ba ta ƙare ba. Tamu ce kaɗai take ƙarewa.

Wani hantsi na goya ta na tafi gonarmu, ban san ma abin da na je yi ba. Ciyawa ta kai mini ƙugu. Na durƙusa a ciki, sai na gane watanni ke nan ban roƙi Allah komai na gobe ba, tun da aka ce mini babu goben. Na ce, "Ya Uba, ban san ranarka ba, kuma ba na neman in sani. Ka ba ni gobe. Ka ba yarinyar nan gobe."

Ashe Inna Hajo tana ji. Tsohuwa ce Musulma, gonar ɗanta tana iyaka da tamu. Ta ratso ciyawa ta buɗe goyona ta duba, ta ce, "Ke ɗiyata, mi kinka tsaya yi? Ɗiyar ga asibiti taka so, ba kuka ba. Gero kam ya wuce ki, amma wake bai wuce ki ba."

Ita ta aika aka kira fasto, wanda muka kunyata. Bai ce mini komai a kan abin da ya wuce ba. Ya ɗauke mu a babur har asibiti a nan Tambuwal. Ma'aikaciyar da ta karɓi Murna ta dube ni ta ce saura ƙiris.

Da aka sallame mu na tarar matan zumunta sun nome rabin gonar, Inna Hajo kuma ta ajiye mini irin wake a ƙwarya. Na shuka. Ganyensa muka fara ci kafin ya yi 'ya'ya. Ga Murna can a bayan coci. Ba ta kai tsawon sa'o'inta ba, amma tana gudu. Yabo ya tabbata ga Yesu!

'Yan'uwana, Ubangiji zai dawo, wannan ba na shakka. Amma duk wanda ya ce muku ya san ranar, ku tambaye shi ko shi zai ciyar da 'ya'yanku washegari. Ku dogara ga Allah, ku bar masa ranarsa. Ku kuma sa Ishaku a addu'a, kunya ce ta kore shi, ba ƙiyayya ba. Fartanyarsa tana nan inda ya bar ta.

Makon jiya wata ta kawo mini waya, wai an sake sa sabuwar rana. Ta same ni a bakin rumbu ina rataye damin irin geron bana, wanda na samu da musanyen wake. Na ce mata ta riƙe mini igiya.

Na gode wa Allah. In Ubangiji ya zo bana, a gona zai same ni. Amin.