Tabki na ƙafewa, jirgina na tudu

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sanusi mai walda ne daga Dakoro.

Mahaifina ya yi dako a tashar jiragen ruwan Kwatano yana saurayi. Yanzu ya tsufa, idonsa na mutuwa, hirarsa kullum jirgi. Sai na ƙera masa wani da kwano, tsawon tabarma, mai tafiya da telekomand, wato rimot. Na sa moter ɗin panka, ya ƙone. Na sa na injin huda ƙarfe, gawayin cikin moter ɗin ya cinye, jirgin bai kai tsakiyar tabki ba. Mai gyaran rediyo ya ce sai mai ƙarfi, marar gawayi. Na tambaya a Maraɗi, ko akuyata na sayar kuɗinta ba sa sayen shi.

Mu ba mu da kogi sai tabkin damina, kullum kuma janyewa yake. Na ce, "Baba, mu bari sai baɗi." Ya ce, "Ruwa zai dawo, idona fa?"

Masu sauraro, don Allah ina ake samun irin wannan moter na hannu mai araha? Jiya da na kawo masa jirgin, da hannu ya laluba shi.