Wanda Ya Sauke Jar Tuta

"Mai kwale-kwalen nan azzalumi ne, da hannunsa ya sauke jar tutar!"

Wata mata ce ta faɗi haka a bencin asibiti. Dattijon da ke gefenta, mai jiran a duba masa ido, ya juyo.

"Wace tuta, baiwar Allah?"

"Wadda ake ɗagawa a bakin ruwa don kada masunta su fita. Masu duba yanayi sun ce sun hango 'yar iska tana juyawa can cikin teku, suna sa mata ido, ko ta mutu ko ta zama guguwa. Shi kuwa ya ce a shiga ruwa, guguwar ta same su a can. Ga mijina can kwance, ƙafa a karye."

"Allah ya ba shi lafiya. Amma ki yi adalci. Sau nawa suka ce suna sa ido, aka kwana da yunwa, ko yayyafi ba a yi ba?"

"To Baba, yunwar ta karya ƙafar wa?"

"Yaron ba mugu ba ne. Ranar ma sai da ya tambaye ni, na duba sama na ce masa garau take..."

Matar ta dube shi sama da ƙasa.

"Au, kai ne mai duba masa saman? Da idanun da ka kawo wa likita?"

"Ɗana ne."

"To in bai gaya maka ba, ƙungiyar masunta ta kwance injinsa, ta kife kwale-kwalen a kan yashi. Ba zai sake taɓa ruwa ba bana."