Gudu da Baya da Na Koyo a Dahran

Riyal ashirin Inna ta ƙulle mini a tsumma, kuɗin tandar wainarta da ta sayar a Nakkasa, unguwarmu a Makka. Ta ce, "Je ka Dahran, garin kamfanin man fetur, ka koyo tuƙin mota. Kada ka dawo mini hannu rabbana." Ku daina dariya, lokacin kakanku siriri ne kamar tsinke.

A kamfanin mai aka haɗa ni da wani Ba'amurke mai kula da sito, muna ce masa Gurgu a bayan idonsa. Da ƙwallo yake ci a ƙasarsu, futubol wai, irin wadda ake runguma a hannu, mai siffar gwanda. Da gwiwarsa ta lalace aka sallame shi.

Na ce, "Yallaɓai, kai ke cin ƙwallon?"

Ya ce, "A'a, ni ɗan baya ne. Hana wani cafewa nake yi."

Na ce, "Wato hassada ce sana'arka."

Kullum da la'asar sai ya tsayar da ni cikin yashi. "Gudu da baya. Kada ka kalli idona, ido maƙaryaci ne. Kalli ƙuguna."

"Yallaɓai, mota na zo koya."

"Gobe."

Shekara uku goben ba ta zo ba. Ina jin haushinsa, amma tausayinsa ya fi, don in na yi daidai sai ya dafe gwiwar nan yana murmushi.

Da na dawo Makka Inna ta ce, "Ina tuƙin?" Na tashi na gwada mata gudu da baya a tsakar gida. Kwana bakwai ba ta amsa gaisuwata ba. Wallahi abin ya ci mini rai.

A hajjin shekarar, muna barin Muzdalifa da safe, jama'a suka danno ta baya. Inna ta tsufa, in ta faɗi shi ke nan. Na sa ta gaba, na jingina bayana da nata, na fuskanci taron ina tafiya da baya. Ƙugu nake kallo. Duk wanda zai afko, kafin ya sani na tare shi da kafaɗa. Har Mina ba wanda ya taɓa ta.

Ta zauna, ta sha ruwa, ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Tandata ba ta faɗi a banza ba. Amma in maƙwabta sun tambaya, ka ce direba ne kai."

Har ta rasu, Direba take kirana.