Furen da Na Kai wa Madam Odet

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, in dai ba ta kura ba ce."

Ba kura ba gizo, wannan da ni ta faru. Shekarar da za ni Faransa ci-rani, bijimin nomanmu aka kai kasuwar Sabon Birni aka sayar don kuɗin hanya. Faransancin da nake taƙama da shi kuwa na bisa babur ne, wanda na tsinta ina kai kaya ta iyakar Burkusuma zuwa Maraɗi, ƙasar Nijar.

A birnin Liyon na samu aikin wankin kwanoni a wani gidan abinci. Ɗaki kuma na same shi can ƙololuwar bene, a gidan wata tsohuwa, Madam Odet, wadda mijinta ya rasu. "Mushe Garba" take ce mini. Ke Hadiza, rufe bakinki, a can mushe girmamawa ce, ba jakin da ya mutu a bakin rafi ba.

Ba mu shirya da ita ba. Ni na tashi a gidan da ba a fita sai an gaida babba, don haka kullum da safe sai in ƙwanƙwasa ƙofarta. Ashe su ba a faɗo wa mutum haka, ko ɗanka ne sai ya yi waya ya ce ga shi nan tafe. Banjur guda, wato sannunsu, a matakala ta ishe su. Ga abokaina 'yan Nijar suna zuwa ba sanarwa, ga miyar daddawa. Rannan ta tare ni.

"Mushe Garba, gidana ba tasha ba ce."

"Madam, gaisuwa ce kawai."

"Wata na ƙarewa ka nemi wani ɗaki."

Sanyi ya fara shigowa, irin mai shiga ƙashi. Na yi yawon neman ɗaki, duk inda aka ga fuskata sai a ce an riga an bayar. Na ɗaure jakata, ban san inda za ni kwana ba.

Ana nan sai ta zame a matakala, gwiwa ta goce, ta kwanta. To, ko an kore ka, ai ba ka ƙi duba mara lafiya ba, kuma ba ka zuwa hannu sake. Na lura mutanen nan fure suke kai wa juna kamar yadda muke kai goro. Ƙarshen watan Oktoba ne, ko'ina tukwanen wani fure rawaya, ya yi dam kamar an kife kwando. Na zaɓi babba. Mai sayarwa ta miƙo mini tana sunkuyar da kai cikin tausayi, ni kuwa ina ta washe baki ina mersi, wato na gode.

Madam Odet ta dubi tukunyar, ta dube ni.

"Har ka gaji da jira? Ban mutu ba tukuna."

Ashe kirizantam ne, wani suna mai karya harshe, furen kabari. Ba a ba mai rai. Washegari, ɗaya ga Nuwamba, ranar hutu ce, kowane gida sai ya je maƙabarta ya ajiye wa matattunsa. Kunya ta rufe ni, na sunkuci tukunyar za ni fita.

"Ajiye," ta ce. Sannan ta ce tun da mijinta ya rasu ba ta taɓa fashin wannan rana ba. Ɗanta yana nesa, ya yi waya aiki ya riƙe shi. "Bana kabarin mijina ne kaɗai zai zauna ba fure."

Na ce, "Madam, ni za ni kai ki."

Da safe na aro keken marasa lafiya wajen maƙwabta. Na tura ta, tukunya bisa cinyarta, fure ya rufe mata fuska tana ta faɗa ina shiga ramuka. Maƙabartar nan ta cika da mutane, yara da tsofaffi, kowa da buroshi da bokiti suna wanke duwatsun kaburbura. Ba addinina ba ne, amma tsohuwa ba ta iya sunkuyawa, sai na wanke mata dutsen, na cire ciyawa, na koma gefe. Na ji tana magana da mijin kamar yana zaune.

"Ga wanda ya cika maka gida da warin miya. Shi ya sayo furen. Ni ya sayo wa, ka ji."

Ta yi dariya har hawaye suka zubo.

Muna komowa ta hangi jakata a ɗaure a gindin matakala.

"Wannan fa?"

"Wata ya ƙare, Madam."

"Mai da ta sama, kada wani ya yi tuntuɓe. Gwiwa ɗaya ta ishe mu."

A ɗakin nan na zauna har na gama ci-ranina na dawo garinmu Gangara, da ɗan abin da ya yi mana rufin kwano. Ranar da za ni taho, a bakin ƙofa ta riƙe hannuna da nata biyu, ta daɗe ba ta saki ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ku tashi, ga tuwo can yana hucewa.