Injin Mai Haƙuri Ya Tahi Gamkalle

Dabora: Alo! Alo, Yaya Rebeka! An yi! Yau dai an yi!

Rebeka: Wa ke magana? Ɗaga murya, layin na ƙara.

Dabora: Ni ce, Dabora, autarku! Daga Yamai!

Rebeka: Auta! Ina wuni? Ina Baba, ina Mama?

Dabora: Lahiya lau. Ya Maradi, ya asibiti?

Rebeka: Sai godiya. Yara ne ake ta kawo mana, duk yunwa. Ya lakwal, ana dai karatu? Ya jikin Kaka?

Dabora: Da sauƙi. Yaya, ki bari in gaya miki mana! Daga gidan Pasto nake kira, ya ce kar in daɗe. An sai da Mai Haƙuri!

Rebeka: Motar Baba?

Dabora: Ita! Kuma da hatsi aka biya, Yaya! Buhuna har cikin ɗakin Mama. Yau mun ci tuwo na gaske, ba jar dawar taimako mai sa ciwon ciki ba. Isaka ɗan Kawu Yakuba har kuka ya yi, wai ya manta ɗanɗanon.

Rebeka: Tsaya. Ta ina aka hidda ta? Ba Baba ya gina ɗaki a bakin ƙofa ba, lokacin da su Kawu Yakuba suka gudo daga ƙauye?

Dabora: Ai nan ne abin dariyar! Ba ta hita. Ƙofar ko jaki da kaya ba ya wucewa. Malam Harouna mai lambu a Gamkalle ya ce shi ba ruwanshi da jikinta, inji yake so, zai ja ruwa daga kogi da shi. Suka kwance shi, maza shida suka ɗaga shi ta kan katanga. Ki ga Kawu da baƙin mai har cikin gemu!

Rebeka: Baba fa?

Dabora: Baba ya... Alo?

Rebeka: Ina jin ki.

Dabora: Bai tsaya ba. Ya shafa kanta sau ɗaya, ya ce a cikinta ya kai Mama asibiti ran da aka haife ni, sai ya shige ɗaki. Amma ya ci tuwon.

Rebeka: Kaka na ina aka yi wannan?

Dabora: Mama ta kawo ta zumuntar mata tun da rana. Suna cikin coci, ga waƙarsu nan ina ji. An rufe gaban motar, an goge. Wallahi ba ki gane an taɓa ta.

Rebeka: Har yanzu tana zama ciki?

Dabora: Kullum da safe! Gaba take zama, da ƙunshinta a cinya. Irin hatsinta na baya ne a ciki, ta hana kowa taɓawa, ko ran da muka kwana da kunu. Wai da ruwa ya sauka, Mai Haƙuri za ta mai da ita ƙauyenmu Dutsi ta yi shuka.

Rebeka: Dabora, yau wace rana?

Dabora: Juma'a. Mi ya faru?

Rebeka: Mi Baba ke yi kowace Lahadi in an taso daga coci?

Dabora: Yana tada mota, don Kaka ta ji... Kai.

Rebeka: Ta ji mi?

Dabora: Ta ji tana da rai. Sai ta buga ƙofar ta ce, “To, muna nan.” Wayyo, Yaya, ni ban yi wannan tunanin ba.

Rebeka: Baba ya yi shi. Shi ya sa ya shige ɗaki.

Dabora: To a ce mata babu isansi, man mota ya ƙare! Ai gaskiya ne, babu.

Rebeka: Wannan Lahadin. Ta gaba fa?

Dabora: To ke ki zo ki kai ta a motar haya. Ke kika yi mata alkawari da Kirsimeti.

Rebeka: Da wane konje, wa zai ba ni hutu? An ce ba mai motsawa daga asibiti sai an ga bayan yunwar nan. Ko na samu, kin san shingen soja a hanya, kowane sai an sauke tsohuwa an kwance mata ƙunshi. Kuma in kai ta wurin wa? Rijiyar ta ƙafe, garin duk suna tsakar gidanmu.

Dabora: Ni da na zo da gudu in ba ki labari mai daɗi...

Rebeka: Mai daɗi ne, Auta. Ku ci tuwonku. Alo? Kina nan?

Dabora: Yaya, an tashi daga zumunta. Matar Pasto ta gaya mata ke ce a waya. Ga ta nan da sandarta.

Rebeka: A'a, Dabora, ki ce layi ya yanke!

Dabora: Ta riga ta ji muryarki, tana dariya. Za ta tambaye ki yaushe za ku tahi. Yaya, don girman Allah kar ki gaya mata. Kar ki gaya ma kowa tukuna, ko zuwa Lahadi ne. Kin ji? Kaka, a hankali da dakalin... ga ta, riƙe nan.