Ba Ƙanƙara Kaɗai Ta Kawo Mana Ruwa Ba

Mai girma shugaban taro, wakilan hukuma, wakilin kamfanin gine-gine, malamanmu, iyayena mata, abokan sana'ata masu bandar kifi, mazajenmu masu jiragen ruwa da kuka raɓe can baya, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba shugabar masu banda dama ta yi magana, ko da yake sai da aka fara haɗa kujeru aka tuna da ni.

Da farko, mun ji bayanin injiniya, kuma ba mu ƙaryata shi ba. Ya ce can ƙarshen duniya akwai ƙanƙara jibge a kan tudu, zafi yana narkar da ita, tana gangarowa cikin teku, teku yana tasowa sannu a hankali. Mun yarda. Mu da ba mu da mota, ba mu da masana'anta, hayaƙinmu bai wuce na murhun kifi ba, mu ruwan ya fara yi wa sallama. Wannan ma mun haɗiye.

Abin da ba za mu haɗiye ba shi ne a ɗora wa ƙanƙara laifin kowa don ba ta da bakin musu. Duk macen da ta taɓa yi wa jariri wanka ta san in baho ya cika kika tsoma yaro, sai ruwa ya nemi wurin zuba. Teku ya cika, mun ji. To, wa ya ce kamfani ya cike fadamar da ruwa yake kwanciya in ya taso, don a kafa benaye? An hana shi makwancinsa, yanzu a tsakar gidajenmu yake kwana.

Mahaifiyata tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Gadonta a kan bulo yake, kuma bana ma sai da muka ƙara wani. Makon jiya ta riƙe hannuna ta ce, “Ke 'yar nan, in ruwan ya zo ba kya gida, wa zai ɗauke ni?” Wallahi tsoron nan bai sake ni ba. Ana cewa mu tashi. Ba za mu tashi ba! A dakatar da cikon, a buɗe wa ruwa hanyarsa.

Sai ku, mazajenmu. Wa yake kai wa kamfani yashin cikon? Tudun yashin da yake tare mana igiyar ruwa kuke kwasa, ku loda a jirage ku kai, ku dawo da yamma kuna naɗe ƙafar wando a ƙofar ɗakinku, kuna cewa ikon Allah. Na yi wa maigidana magana, ya ce, “In ban ɗiba ba, wani zai ɗiba.”

To, daga yau babu wanin. Ku dubi hannuna. Wannan fulogin injin jirginsa ne, tun asuba yake ɗaure a bakin zanina. Maigida, ka daina zagin bakanike, ba shi da laifi. 'Yan'uwana mata, ku kwance naku ku ɗaga a gani! Wanda zai fita kamun kifi ya zo ya karɓa, har addu'a za mu bi shi da ita. Wanda zai fita yashi kuwa, sai dai ya tura jirgin da ƙirjinsa.

Allah Ya tsare mana gidajenmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mai da kowa gida lafiya, Ya kuma sa ya tarar da ɗakinsa a bushe.

Na gode.